Sunan Itacen da Kika Dasa

Da sunan Allah mai rahama. Zuwa ga mahaifiyata Inna, bayan gaisuwa da girmamawa, Allah ya ƙara haske a makwancinki.

Inna, tsoro ne ya sa na ɗauko alƙalami, kuma a kan shingenki ne.

Kin tuna shekarun yaƙin Nasara, da kumandan na Gaya, Baturen mulki, ya sa a dasa binidazugu saboda man da ke cikin 'ya'yansa? An ce asalinsa daga Amirka ne, can bayan teku. Ke kika yanko rassa kika kafa su a farkon damina. Kika ce kar in cika masa ruwa, saiwar ruɓewa take, kuma in rage masa kai da rani don ya yi kauri. Ban saɓa ba. Akuya ba ta taɓa shi. Har yau da 'ya'yansa nake sabulu.

Kullum kikan ce, “Wannan ba ya buƙatar mai gadi, sunansa ya isa.” Bi ni da zugu. Ko yaro ya ji ya san likkafani ake nufi.

To Inna, ɗana Auta ya yi aure bayanki. Zalika sunan matar, Badendiya daga Tanda, yarinya mai kunya, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Cikinta ya tsufa.

Jiya da hantsi na ɓare 'ya'yan na shanya a faifai. Na nuna mata na ce binidazugu ne, ta ce to. Ni a zatona na gama gargaɗi. Ita kuwa suna kawai ta ji. Farare ne, ga maiƙo kamar gyaɗa, ga kwaɗayin mai ciki. Ashe ta ɗiba ta ci.

Kafin azahar amai da zawo sun kayar da ita. Na riƙe kanta ina Ayatul Kursiyyu, ina ɓata a tsakiya, ni da kika yaba wa hadda. Likita ya ce mu yi ta ba ta ruwa, sauran na Allah ne.

Yau ta buɗe ido, ta sha kunu kaɗan. Amma ɗan bai motsa ba tun jiya. Sai ta kama hannuna ta ɗora a cikinta, mu yi ta jira. Ba ni da kalmar da zan ba ta haƙuri da yarenta.

Auta ya wasa adda zai sare shingen. Na ce ya dakata, ban san ko daidai na yi ba.

Akwai farin zugun da na saya wajen masaƙi don majanyin goyo. Na kasa kallonsa, Inna. Ɗazu na kai shi marina, na ce su tsoma shi a ruwan baba har ya yi baƙi. Ba na son farin ƙyalle a gidan nan.

Allah ya jiƙanki, ya tashi kafaɗar Zalika, ya motsa abin da ke cikinta. Allah ya sa goyo za a yi da zanen nan.

Taki mai jiran rahama,
Hadiza