Ɗigon da Maigidana Zai Yanke Ranar Asabar

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, kuma da sauri, domin ranar Asabar ɗin nan reza za ta hau kan takarduna. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye-zagaye. Murna da fargaba ne suka haɗu mini, na rasa wadda zan fara ba ki.

Bari in fara da murnar, don ita ta fi yawa. Za a baje kolin zanena! Ni ɗin nan! Zane goma sha biyu, a babban zauren asibitin da nake zuwa, nan da mako uku. Tun ranar da aka faɗa mini bakina ya ƙi rufuwa. Na kira yayata sau huɗu, har ta ce in bar ta ta yi girki. Da ƙafata za ta yarda, wallahi da na taka rawa a tsakar gida.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zanen taswirar gini a wani ofishi. Miƙaƙƙen layi shi ne abincina. Abokan aikina Madam Rula suke ce mini, saboda ko daga bakin ƙofa na hango layi ya karkace sai na sa an sake shi. Shekara uku da suka wuce idona na hagu ya fara gani dishi-dishi. Daga baya hannuna na dama ya mutu kamar na kwana a kansa, da ya farfaɗo kuma sai ya zo da rawa. Bayan gwaje-gwaje da hoton ƙwaƙwalwa, likita ya ce ciwon da suke kira multiple sclerosis ne, MS a taƙaice. Ya kwatanta mini shi da wayar lantarki da robarta ta sale: saƙo yana tasowa daga kai, amma ba kullum yake isa hannu da ƙafa daidai ba. Ga gajiya irin wadda ba ta jin barci. Ga zafi, idan rana ta take sai jikin ya ce bai san zancen ba. Da kaina na ajiye aiki, don Madam Rula ba za ta tsaya a riƙa gyara mata layi ba.

Ma'aikaciyar da ke koya mana motsa jiki a asibiti ce ta miƙo mini fentin ruwa da burushi, irin na 'yan makaranta, wai in riƙa motsa yatsuna. Raina ya ɓaci sosai. Ni da na zana bene mai hawa bakwai! Wata biyu kwalin fentin yana kan firji ban taɓa shi ba. Ran nan zaman kaɗaici ya ishe ni, na ɗauko, na ce bari in zana labulen falo. Hannun ya yi ta rawarsa, layukan suka yi ta lanƙwasa, ina yi ina tsaki. Da na gama na jingina takardar a bango na ja da baya, sai na ga labulen kamar iska na kaɗa shi. Anti, na yi dariya har da hawaye. Duk shekarun da na yi da rula ban taɓa zana abin da ke motsi ba.

Tun daga nan ban tsaya ba. Na zana wanki a kan igiya, tururin buta, ruwan bokiti da aka ajiye bai gama lafawa ba. Teburin cin abincinmu ya koma na fenti, kofunan shayina duk sun zama na wankin burushi. Abin da bakina ya kasa faɗa game da jikin nan, takarda tana ɗauka ba ta gajiya.

To ga inda matsalar take. Ina da wata ɗabi'a da babu wanda ya san ta. Duk lokacin da hannun ya gaza, ko gajiya ta danne ni na ajiye burushi, kafin in ajiye sai in yi ɗan ɗigo a farin gefen takardar, can ƙasa. Ranar da jiki ya yi daɗi, ɗigo biyu ne ko uku. Zanen tururin buta kuwa yana da arba'in da ɗaya. A wurina ɗigon nan rabin zanen ne, su ke faɗin abin da na sha kafin in gama.

Maigidana kafinta ne, mutumin kirki, mai taushin zuciya har ya yi yawa. Lokacin da aka gano ciwon, wata guda ya rufe shagonsa ya zauna yana kallona, ko tari na yi sai ya miƙe. Da ƙyar na kora shi aiki. Tun daga lokacin, kullum da safe idan ya tambaye ni ya jiki, sai in ce da sauƙi. Ranar da na dafa bango kafin in kai banɗaki, da sauƙi. Ranar da cokali ya faɗi sau uku, da sauƙi. Sai ya yi hamdala, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita da fara'a, ni kuma hankalina ya kwanta.

Da ya ji zancen baje kolin, murnarsa har ta so ta fi tawa. Ya ɗauki awon takardun a ɓoye, ya yi mini firem na katako mai kyau da gilashi, abin sai wanda ya gani. Shekaranjiya ya shigo da guda shida yana washe baki kamar ango. Ina dubawa sai na ga katakon ya rufe ɗigon duka. Sauran zane shidan kuma, waɗanda ɗigonsu ya yi yawa har ya hau gefe, ya ce ranar Asabar zai sa reza ya datse musu baki su yi tsaf. Bai kalle ni ba lokacin da yake faɗa. A hankali ya ce fentin ne ya riƙa ɗiga daga hannuna, kuma ba ya so mutane su gani su riƙa jin tausayina. Ni kuwa bakin nan nawa sai ya ce sannu da aiki, Allah ya saka da alheri.

Yanzu ya zan yi? Idan na yi shiru, zai yanke su, ba kuwa za su dawo ba. Idan na faɗa masa ma'anarsu, zai zauna ya ƙirga, na san halinsa, zai gane cewa shekara uku ina ɓoye masa. Ina tsoron ya ji ciwo, ina kuma tsoron ya sake rufe shago ya tare a kaina. Ga shi ina so a ga ɗigon nan a zauren. Akwai wata baiwar Allah da ta fara zuwa asibitin kwanan nan, tana zama a layi da hannunta cikin mayafi don kada a ga yana rawa. Ina so ta tsaya gaban zanen butar ta san cewa sau arba'in da ɗaya aka ajiye burushi, amma an gama shi.

Taki,
Madam Rula mai ritaya

*

'Yar'uwata Madam Rula,

Barka, barka, kuma barka! Wasiƙarki ta faranta mini rai, na kuma tsallake da ita gaban layi saboda Asabar ba ta jira.

Abubuwa uku kika cusa a buhu ɗaya, shi ya sa ya yi miki nauyi. Na farko mai sauƙi ne, ki yi shi yau: ki ce wa maigidanki kada ya yanke komai, kina son gefen takardun yadda suke. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Zanenki ne, kuma kafinta ya fi kowa sanin cewa abin da aka yanke ba ya komawa.

Na biyu shi ne maganar da ke tsakaninku. Kada ki kira kanki maƙaryaciya. "Da sauƙi" addu'a ce da ladabi, duk muna faɗarta, kuma ta isa amsa ga maƙwabciyar da ta leƙo gaisuwa. Amma ta yi kaɗan ga mutumin da kuke kwana ɗaki ɗaya. Shi ma ki yi masa adalci, bai ɗauki reza don ya raina aikinki ba. Ya ga abin da ya zata tabon ciwo ne, ya so ya rufa miki asiri, kamar yadda kike rufe masa naki kullum da safe. Kowannenku yana kare ɗan'uwansa, ga shi kariyar tana neman cinye rabin zanenki.

Ki zaɓi lokacin da jikinki ya fi ƙarfi, ki zaunar da shi. Ki ajiye masa zane biyu, mai ɗigo uku da na butar, ki faɗa masa abin da ɗigo ɗaya yake nufi. Daga nan, kafin ya buɗe baki, ki faɗa masa abin da kike so da wanda ba ki so. Ba ki son a rufe shago. Ba ki son a tsare ki da ido. Kina son ranar da jiki ya ƙi, ki iya cewa ya ƙi, ya ji, ya taimaka da abin da kika nema, ya tafi aikinsa. Mai taushin zuciya yakan rikice ne idan bai san inda zai sa hannu ba. Ki ba shi aiki: ya sake buɗe firem shidan nan ya faɗaɗa su.

Na uku, nuna wa jama'a, wannan naki ne ke kaɗai. Ina goyon bayanki, amma ki sani za a sami mai kallo da idon tausayi, abin da maigidanki yake gudu ke nan, kuma bai yi ƙarya ba. Idan kin shirya wa hakan, ki rubuta layi biyu a ɗan kati a manna kusa da zanen farko. Idan akwai zanen da kike so ɗigonsa ya zauna tsakaninki da gidanki, ki bar katako ya rufe shi, ba laifi ba ne. Sai dai kada maigidanki ya fara sanin ma'anarsu daga katin bango tare da baƙi. Wannan ne zai yi masa ciwon da kike tsoro.

Ni ba likita ba ce, amma ki nuna wa likitanki takardun nan, wataƙila su gaya masa abin da gajeriyar ganawa ba ta gaya masa. Ranar baje kolin kuma ki nemi kujera da wuri mai sanyi tun da wuri, ki huta kafin ki fita, kada murna ta sa ki tsaya da ƙafa awa uku.

Abu na ƙarshe. Mutumin da yake ganin kina dafa bango, yake jin ƙarar cokalin da ya faɗi, ba na jin bai san komai ba. Mai yiwuwa ya daɗe da sani, yana yin hamdala da fara'a ne don ke ma hankalinki ya kwanta. Idan ya yi kuka ranar, kada ki yi saurin lallashinsa, ki bar shi ya yi. Shekara uku ke nan babu wanda ya ba shi dama.

Allah ya ƙara miki lafiya da ƙarfin hannu, ya sa zauren ya cika, ya bar ku tare.

Antinku