Lambuna da Jirgin Taufiq

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

Taufiq ya kira ni, ko gaisuwa babu. Wai ya ɗauko hayar jirgi mai saukar ungulu, saboda hanyar gonarsa ba ta biyuwa da mota. A filin bayan gida zai riƙa sauka. Wato a lambuna. Na ce, "Marigayi mahaifinka, Alhaji Maharazu, da bakinsa ya ce, Idi, nan naka ne har ka mutu." Sai ya ce, "Baba Idi, akwai takarda?" Takarda! Yaron da na goya a bayana.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Matuƙin ya zo duba fili, Kaftin Bashir. Ya durƙusa ya gaishe ni, ban amsa da kyau ba. Wai jirgin inji biyu ne da shi, sojoji ma irinsa suke hawa. Ina ruwana. Ya ce mangwarona ya yi kusa, farfela za ta taɓa. An miƙo mini gatari. Na ce hannun da ya dasa ba zai sare ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Sun kawo masu zarto daga Hotoro. Da 'ya'yansa a jiki suka kwantar da mangwaron.

Laraba, 1 ga Mayu

Yanzu aikina in jiƙa fili kafin jirgin ya sauka, don kada ƙasa ta tashi, in kuma tsince leda da duwatsu. Da tiyon da nake ba tattasai ruwa! Na ƙi. Na ma baza shanyar zogale a inda na saba.

Asabar, 4 ga Mayu

Jirgin ya sauka. Ƙararsa har cikin haƙorana. Iskarsa ta kwashe zogalen da tabarmar, ta kwantar da sauran tattasan, hulata sai gidan maƙwabta. 'Yan aiki suna ta dariya. Taufiq ya leƙo ya ce, "Ai an gaya maka." Matata Kande da tana raye da ta ce in tattara mu koma garinmu Ringim. In koma wurin wa?

Litinin, 13 ga Mayu

Kaftin ya same ni a gindin kututturen mangwaron. Ya ce, "Baba, leda ɗaya in ta shiga inji, ni ne ba zan koma gida ba. 'Yata Khadija ko yaye ba a yi mata ba." Na ce ai da inji biyu kake taƙama. Ya yi dariya, ya ce, "Ba na son in gwada." Shi ma ɗan aike ne, amma shi ya nuna bishiyar da yatsa.

Lahadi, 9 ga Yuni

An yi ruwa jiya, fili ya jiƙa da kansa. Da safe na zaga na tsince ledoji, har da wata waya mai tsatsa. Ƙazanta ce ba na so, shi ke nan. Na dasa dankali a jikin katanga, shi a ƙasa yake kwanciya, iska ba ta samunsa. Ban yafe ba. Jirgin ya makara yau. Na daɗe a tsaye ina duban gabas, sai da na ji ƙararsa na zauna.