Akwatin Fada Aurèle

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Alberta, nan yammacin Kanada. Yaya gwiwar taki? Ina fatan maƙwabciyarki Huguette tana kai ki asibiti, ba surutu kawai take kawo miki ba. Ki gaishe min da ita da yaranta.

Ni lafiya lau. Aikin haƙar mai yana tafiya, abinci kuma wadatacce. Barci ne dai ya ƙi, amma kin san ƙarar injuna.

Na samu saƙonki cewa Fada Aurèle, limamin cocinmu, ya rasu, kuma ikilisiya tana so mu da muka yi masa hidimar bagadi muna yara mu ɗauki akwatin gawarsa. Kin ce girma ne aka ba gidanmu. Mama, ba zan zo ba. Da farko na so in ce miki an hana ni hutu, amma ba a hana ni ba.

Kin tuna ranakun Lahadi, kina goge min farar rigar nan, ina cewa cikina yana ciwo? Sai ki ce, “Tashi, malalaci, Fada yana jiranka!” Ba laifinki ba ne. Ba ki san abin da yake yi mana a ɗakin canja kaya bayan addu'ar Mas ba. Shekarata tara a lokacin.

Safar da kika saƙa ta iso, Allah ya ƙara miki lafiya. In da sauran zare, a ƙaro.

Jiya na kira sauran da muka yi hidimar bagadin tare. Donat ya kashe wayar, Léandre ya fashe da kuka. Babu mai zuwa. Idan aka tambaye ki a coci me ya sa aka rasa mai ɗauka, don Allah kada ki ce aiki ne ya riƙe ni.

Ɗanki,
Fernand