Kada Ka Tura Ƙyauren Zaure

Yaya Haladu,

Don Allah kada ka tura ƙyauren zauren nan. In ka sauka daga Maigatari, ka zagaya da shanun ta gidan Malam Sajo, na ɓalle danga ta baya.

Kukan da ƙofar ke yi ashe ba tsatsa ba ne. Da hantsi na ɗiga wa fatar ƙyauren, ƙarfen da yake juyawa a kai, man gyaɗa da gashin kaza, ƙarar ba ta daina ba. Na ce bari in duba ta sama. Ina taɓa ƙusoshin suka zaro a hannuna. Gara ta cinye katakon har cikin azara, ya zama gari. Nauyin soro ne ke danne ƙyauren yake wannan kuka.

Wallahi Yaya, ban rufe baki ba azara ɗaya ta rikito da ƙasa, daidai bakin ƙofa, gab da buzun Baba. Tashinsa ke nan ya je alwala. 

Na tokare sauran da gwafa biyu, na tafi Gagarawa ɗauko magini. Ka yi haƙuri, kekenka na hau.

Baba bai ji ciwo ba. Da ya ga wurin sai ya ce, "Nan Haladu ke tsayawa ya gaishe ni." Tun sannan bai ci komai ba, kai yake ta tambaya. Yana ɗakin Inna, ka fara zuwa wajensa.

Ƙaninka,
Gwadabe