Fili Mai Lamba Shida a Tillery

Tillery, Kansas, 3 ga Mayu

'Yata Jolene ta haihu, mace, kuma za su dawo gida gaba ɗayansu!

Yi haƙuri, Yaya Verna, na tsallake gaisuwa. Ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar? Jaririyar sun sa mata Opal, sunan mamarmu. A hoto kawai na gan ta, amma hancin namu ne.

Ga yadda aka yi. Kin san majalisar gari tana ba da fili kyauta ga duk wanda zai gina gida cikin shekara guda ya sa 'ya'yansa a makarantarmu. A watan jiya Lyle Brandt, shugaban majalisar, ya same ni a shagon kofi ya ce, "Orval, kai za ka rubuta mana takardar gayyata. Mutane sun gaji da 'yan talla, maganar tsoho irinka za su yarda da ita." Ni fa, da sai da na shekara hamsin da biyu na koyi karatu a ajin yamma na wannan makarantar. Kwana tara na yi ina rubutawa. Na ce hayar wata guda a Denver ta ishe ka wata uku a nan, har da nama a firji. Na ce ba ma kulle ƙofa. Na ce yaro da ƙafarsa zai je makaranta, ya dawo gida cin abincin rana. Suka buga ta da rubutun hannuna, da hotona.

Na aika wa Jolene guda. Mijinta Curtis ya ajiye aikin gareji, sun karɓi fili mai lamba shida, bayan coci. 'Ya'yansu Nora da Hattie za su shiga aji a watan Agusta. Wasu iyalai biyar ma sun amsa.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Orval

Marlow, 11 ga Mayu

Orval,

Na samu wasiƙarka, ƙafa da sauƙi. Barka da zuwan Opal. Hancin gidanmu ba abin alfahari ba ne, amma Allah ya raya ta.

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Na sako maka wani yanki na jaridar gunduma ta watan Fabrairu, shafin baya, inda ake sa sanarwa da ƙananan baƙaƙe. Hukumar makarantu ta yanke shawarar rufe makarantar Tillery bayan shekara mai zuwa. Daga nan mota za ta riƙa kwaso yara zuwa nan Marlow, mil arba'in. Duba sunan na uku cikin masu sa hannu. A Fabrairu Lyle ya sa hannu, a Afrilu ya zo maka da maganar takarda.

Kuma wa yake da shagon katako da siminti a Tillery? Tun kuna yara yake sayar maka da wuƙar da ba ta yanka, kana yi masa godiya.

Na kira Jolene na faɗa mata. Ka ji haushina in ka so.

Ka kula da kanka.
Yayarka, Verna

Denver, 15 ga Mayu

Baba,

Ina gaishe ka. Opal tana lafiya.

Tambaya ɗaya zan yi maka: ka sani? Mun riga mun faɗa wa mai gidan da muke haya za mu tashi ƙarshen Yuli, har ya ba wasu. An zuba harsashi a filin. Curtis ya koma garejin, sun ce sun ɗauki wani. Hattie shekararta biyar, Baba. Awa guda zuwa, awa guda dawowa, cikin dusar ƙanƙara.

Da tallar majalisa ce da ban ko buɗe ta ba. Don na ga rubutunka ne, da yadda kake karkatar da layi.

'Yarka, Jolene

Tillery, 20 ga Mayu

'Yata Jolene,

Ina fatan kuna lafiya, ke da Curtis da yaran. Ban sani ba. Amma ni na rubuta, ba zan ɓuya bayan kowa ba.

Na je shagon Lyle da yankin jaridar. Yana auna wa wani ƙusa. Na ce, "Lyle, hannun wa ye wannan?"

Ya ce, "Haba, tsoho, saura shekara guda cur. In iyalai suka yi yawa, wa ya sani, hukumar tana iya sake shawara."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini haka?"

Ya ce, "Ai an buga a jarida, Orval. Duk mai karatu ya gani."

Shekara sittin muna tare. Ya san a jarida ba na wuce shafin wasanni da na rasuwa, don ƙananan baƙaƙe suna ba ni wahala. Kullum a shagon kofi shi yake karɓar sauran shafukan daga hannuna. Lokacin da nake zuwa ajin yamma, shi ke sauke ni a motarsa, yana tsokanata wai yaushe zan zama farfesa. Na tsaya ina kallonsa har mai ƙusa ya ɗauki kayansa ya fita.

Na rubuta takarda ta biyu, mai faɗin gaskiyar rufe makarantar. Wannan kwana biyu kawai ta ɗauke ni. Na aika wa iyalan nan biyar, kowa da tasa, da hannuna. Ranar Asabar ta sama da hantsi majalisa za ta zauna a ɗakin taron makaranta, kowa yana da minti uku. Zan karanta ta a tsaye.

Ba zan ce ki zo ki zauna ba, bakina ya riga ya yi muku ɓarna sau ɗaya. In kun rasa wurin sauka a Yuli, ɗakin mamarki yana nan.

Ki sumbaci Opal a madadina.
Babanki

Tillery, 27 ga Mayu

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa. Ban ji haushinki ba.

Iyalai uku sun janye. Lyle ya daina zuwa shagon kofi, yanzu har shafin baya nake karantawa, da madubin ƙara girma.

Jolene ta aiko da kati, layi biyu: "Za mu zo Asabar in ji ka karanta, da Opal. Maganar gida ka bar ta tukuna." Na wanke labule, na ciro masara mai zaƙi daga firji, na gyara keken jariri na da. Ko kwana ɗaya za su yi, zan riƙe jikata.

Ki sa maƙwabcinki ya kawo ki, ki taho da matan cocinku da duk wanda motar za ta ɗauka. Ƙarfe goma ne. Akwai kalma biyu masu tsawo da nake tuntuɓe a kansu, kada ki gyara mini a gaban mutane. Ku zo ku ga Lyle yana saurare. In an tashi, ku biyo gida ku ga hancin nan da idonku.

Ƙaninki, Orval