Akwatin Wuta Mai Wat Ɗari Uku

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da girma na koya.

Kwamfutar da ka bar wa ƙanwarka Auta ta hana mu sakat. Da ta buɗe zanen ginin da za ta miƙa a makaranta ranar Alhamis, sai allo ya yi baƙi. In ba ta miƙa ba, sai ta maimaita shekara. Na ɗauka wutar gidan ce ba ta isar ta, na kashe firji, na hana guga. Duk da haka mutuwa take.

Mahaifiyarka.

Umma,

Wa alaikumus salam. Don Allah ki kunna firjinki, wutar gida ba ta da laifi. A cikin kwamfutar akwai wani ƙaramin akwati, shi ke raba wa kowane kaya wutarsa. Wat ɗari uku ne iyakar ƙarfinsa. Ƙwaƙwalwar tana jan kusan ɗari, sauran tarkacen hamsin. Ni na haɗa ta, ya kamata ya isa har da saura. Sai dai in an ƙara wani abu. Umma, wa ya buɗe ta?

Ɗanki.

Babana,

Bayan gaisuwa, ni ce. Na ji Auta tana kukan zanen yana mata nawa, sai na kai kwamfutar wurin mai gyara lokacin tana makaranta, na ce ya sa katin hoto mafi girma, wanda ke sa zane sauri. Ya ce, "Mama, akwatin wutar fa?" Na zaci kaya yake son tura mini, na ce, "Kai dai sa abin da na ce."

Yau na karanta kwalin katin a hankali: wat ɗari biyu. Na haɗa da lissafinka, ya haura ɗari ukun. Mai gyara ya ce babban akwatin sai Juma'a zai iso. Auta ba ta sani ba, kai take zargi. Yaya zan yi?

Mahaifiyarka.

Umma,

Sannu da ƙoƙari. A cire katin yau. Nawar za ta dawo, amma kwamfutar ba za ta mutu ba. Faɗa wa Auta kuwa, wannan naki ne.

Ɗanki.

Babana,

Na faɗa mata, an cire katin. Yau Laraba, saura hawa biyu a zanen, kuma tafiyar a hankali take. Auta ta jawo mini kujera kusa da ita. Ka sa mu a addu'a.

Mahaifiyarka.