Sunan Ubana Ko Kujerar Banki?

Doña Herminia, don girman Allah ki agaza mini, kafin Litinin nake bukatar amsa.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, harkar kuɗi nake karantawa a jami'ar gwamnati a nan Lima. Akwai wani banki a unguwar masu kuɗi ta San Isidro da ke ɗaukar ɗalibi ɗaya tal horon aiki duk shekara, wanda ya samu kuwa ya haye. Mu ɗari huɗu muka zauna jarrabawa, aka yi ta tankaɗe da rairaya har muka rage mu biyu. Ranar Litinin ce ganawar ƙarshe.

Mahaifiyata ta yi aikin guga a gidan wani attajiri, Don Amadeo, sauran ba sai na faɗa miki ba. Bai taɓa sa hannu a takardar haihuwata ba. A ƙasar nan kowa na ɗauke da sunan gidan uba da na gidan uwa, ni na uwata nake ɗauke da su duka biyun. Sau uku na taɓa ganinsa a rayuwata.

To ga wautar da na tafka. Na san shugaban bankin amininsa ne, sai na tura masa saƙo ya sa mini baki ko da kalma ɗaya ce. Ko awa ba a yi ba ya amsa, mutumin da bai taɓa amsa mini gaisuwar Kirsimeti ba! Har sabuwar riga na saya. Ya kira ni wani gidan abinci can nesa inda ba mai gane shi, ya sa aka kawo mini kifi, shi ko cokali bai taɓa ba. Ashe ɗayan da muka rage tare ɗansa ne, Gonzalo, wanda bai ma san ina duniya ba.

Ya ce, "Yarinya, kin yi ƙoƙari. Amma kujerar nan ta Gonzalo ce tun ranar da shugaban bankin ya riƙe shi a coci wajen baftisma. Makinki ne ya zarce nasa da yawa, ma'aikata sun fara ƙananan maganganu. Ki janye, idan komai ya lafa sai in sa hannu ki ɗauki sunana." Har ya ƙara da cewa ko an ɗauke ni ba zan sake ba, wai da na buɗe baki za su ji ni 'yar Comas ce, unguwarmu ta talakawa.

Na yi kuka a cikin bas har gida. Na zaci mahaifiyata za ta tsine masa, sai ta ci gaba da naɗe tamal ɗin da take sayarwa, wani irin alalen masara a ganye, ta ce aiki ana samun wani, uba fa? Shekara ashirin da biyu take jiran wannan sa hannun. Na tsane shi, kuma ina son sunan, kunyar kaina ma nake ji. Ina adalci a nan? Me zan yi?

Wadda ta rasa mafita, daga Comas

*

'Yata,

Bari in fara da mai ɗacin. Ki sassauta kukan rashin adalci, domin ke ma alfarma kika je nema. Da a ce ɗayan ba ɗansa ba ne, ya ɗaga waya ya sa miki baki, da ba ki rubuto mini ba, da yanzu wani ɗan talakan ne ke kuka a bas. Kin ga mai uwa a gindin murhu, kin so ke ma ki matsa kusa da tukunya. Ban zarge ki ba, amma gara ki san haka.

Gonzalo bai yi miki laifi ba, kada ki je ki fasa masa ƙwai a ƙofar banki. Mahaifiyarki ma ba shirme take ba. A garin nan suna yana buɗe ƙofar da digiri ba ya buɗewa, ita kuma ta sha gorin da ke ba ki san rabinsa ba.

Sai dai ki auna maganarsa da kyau. Ke za ki janye yau, shi zai sa hannu "idan komai ya lafa". Tsoron makinki ne ya zaunar da shi teburi ɗaya da ke. Ranar da kika janye tsoron ya ƙare, wayarsa ma ba za ki ƙara samu ba.

Ki je ganawarki ranar Litinin. Ba zan yaudare ki ba, da wuya su ɗauke ki, an gama dafa wannan tuwon tun ba ki zo ba. Amma ki bari su ƙi ki da bakinsu, kada ki ɗauke musu nauyin. Ki nemi shaidar sakamakonki a rubuce, ki kai wa sauran bankunan, wadda ta doke mutum ɗari huɗu ba ta rasa mai so.

Ranar Talata kuma ki kama hannun mahaifiyarki ku je wajen lauyoyin da ke taimaka wa marasa ƙarfi, ku tambayi yadda ake shigar da ƙarar tabbatar da uba. Akwai kotu, akwai gwajin jini. Sunan nan haƙƙinki ne tun ranar da aka haife ki, kayanki yake so ya sayar miki. Idan kin karɓa ta hannun alƙali, sai ki zauna ki duba ko har yanzu kina sha'awar a kira ki da shi.

Allah ya ba ki sa'a, ki gaida mini mahaifiyarki.

Doña Herminia